Kwaikwayon Hoton Tsohon Janar da Fentin Mai: Satar Fasaha Ce ko Hanyar Koyon Zane?

Tun da matasan Kano masu zane suka fara baje ayyukansu a Facebook da TikTok, akwai muhawarar da ba ta ƙarewa. Yaro zai shafe wata guda yana zana wani Bature cikin jar rigar soja, ƙirji cike da lambobin girma, yana ɗorawa sai kan jama'a ya rabu. Wasu su ce aikin wani ya ɗauko, satar fasaha ce. Wasu su ce duk jaruman da muke da su bai ga na zanawa ba sai sojan Turawa. Wasu kuma tambayarsu ta fi nauyi: shin zana mai rai ma ya halatta? Shi kuwa mai zanen, amsarsa ba ta wuce "koyo nake yi" ba. Gaskiya ya faɗa, amma bai fayyace abin da ake koyon ba, kuma daga nan rashin fahimtar ya samo asali.

Kwaikwayo daban, jabu daban

Abubuwa uku ake cakuɗawa. Akwai jabu: mutum ya zana aikin wani gwani, ya sa hannun gwanin, ya sayar a matsayin na asali. Wannan damfara ce. Akwai satar fasaha: ya zana aikin wani ya ce shi ya ƙirƙira. Sai kwaikwayon koyo, inda ɗalibi yake sake gina aikin gwani daga tushe don ya gano yadda aka yi shi, kuma ya faɗi sunan mai shi a fili. Na ukun nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ke koyon aikin babbar riga ba ya farawa da ƙirƙirar nasa zanen. Aska biyu da aska takwas yake bi har hannunsa ya faɗa. Almajiri ma rubutun malaminsa yake kwaikwaya kafin ya samu nasa hannun.

Gidan adana kayan tarihi na Louvre a Faris ya buɗe ƙofarsa ga masu kwaikwayo tun 1793, kuma har yau suna zuwa, bisa sharaɗin girman kwafin ya bambanta da na asali kuma kada a kwafi sa hannun mai aikin. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Najeriya, da kwaikwayon hotunan littattafai da mujallu ya koya wa kansa kafin ya tafi karatu Landan da Faris a 1920. Ta fuskar doka kuwa, haƙƙin mallakar zane a Najeriya yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na hoton kyamara kuma shekara 50 bayan fitar da shi. Aikin wanda ya rasu a ƙarni na 19 ya zama na kowa. Aikin mai zanen da ke raye bai zama ba, ko da a intanet ka tsince shi.

Me ya sa hoton soja, kuma me ya sa na fenti ba na kyamara ba

Hoton soja makaranta ce guda a kan allo ɗaya. Ga fata, ga ulun riga mai shanye haske, ga alharinin ɗamara mai ɗan sheƙi, ga ƙarfen lamba da maɓallai masu ƙyalli, bayan hoton kuma yawanci duhu ne wanda ba zai ɗauke wa ɗalibi hankali ba. Kowanne da irin bugun buroshin da yake so.

Ɗauki hoton Wellington, janar ɗin Ingila, wanda mai zane Goya ɗan Sifaniya ya fara a 1812 bayan yaƙin Salamanca, ya ƙara masa lambobi a 1814. A kan katako ya yi shi, tsawonsa kusan santimita 64, faɗi 52, yana gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan. Shi ne hoton da aka taɓa sacewa a 1961 aka dawo da shi a 1965. Abin da ya sa ya dace da mai koyo shi ne daga ƙirji zuwa kai ne kawai, babu doki, babu hannaye. Fuskar ta mutum ce da gajiya ta kama, ido a buɗe, baki bai gama rufuwa ba. Idan ka ja hoton kusa ka duba lambobin, za ka tarar ba a zana su ɗaya bayan ɗaya ba, ɗigo-ɗigon fenti ne masu kauri da aka ajiye inda ya kamata. Ka ja da baya, su koma zinariya da azurfa.

Wannan shi ne abin da hoton kyamara ba zai ba ka ba. Kyamara tana kwaso komai daidai wa daida, ba ta zaɓe. Goya kuwa ya riga ya yanke shawara: nan a bayyana, nan a bar shi ya narke cikin duhu. Waɗannan shawarwarin ake kwaikwaya, ba fuskar Wellington ba.

Fentin mai ba kamar sauran fenti yake bushewa ba

Rabin kurakuran mai koyo daga rashin sanin wannan suke fitowa. Fentin ruwa yana bushewa idan ruwan ya tafi. Fentin mai kuwa garin launi ne da aka kwaɓa da man linsid (man da ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro), shi kuma man nan iskar oksijin yake sha a hankali har ya daskare ya zama fata. Sama za ta iya bushewa cikin kwana uku zuwa bakwai alhali ciki yana ci gaba da aiki har watanni. Ba kowane mai ke yin haka ba. Man gyaɗa da manja ba sa daskarewa. Wanda ya sirka fentinsa da su zai tarar hoton yana danƙo har bayan shekara, yana kama ƙura. Kananzir da fetur ma ba su da gurbi a cikin fenti. Fentin gida mai sheƙi na gwangwani kuwa wani abu ne daban, yana kamewa cikin sa'o'i, ba ya ba ka damar narka launi cikin launi.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa. Launi bakwai sun isa, kuma tun da sunayen da ke jikin tub ɗin da Turanci suke, ga su yadda za ka tambaya a shagunan kayan zane na Sabon Gari: Titanium White (fari), Yellow Ochre (rawaya), Cadmium Red (ja mai haske), Alizarin Crimson (ja mai duhu), Burnt Umber (ruwan ƙasa mai duhu), Ultramarine (shuɗi) da Ivory Black (baƙi). Ka guji Zinc White, domin idan ya tsufa yana tsagewa ya ɓamɓare. Sai ƙaramar kwalbar man linsid, tafentin ko farin tina na masu zane mara wari (da su ake tsarma fenti), buroshi masu tauri lamba 2, 4, 6 da 8, ƙaramin buroshi mai laushi guda, wuƙar haɗa launi, da gutsuren gilashin taga da aka naɗe bakinsa da salatif aka sa takarda ruwan toka a ƙarƙashi. Akwatin nan mai launi ashirin da huɗu da ke jan idon sabon shiga, ruɗa shi kawai yake yi.

Shirya allo da kafa harsashi

Ka sa kafinta ya yanko maka filawud mai santsi, santimita 40 a faɗi, 49 a tsawo. Wannan awon ya yi daidai da tsarin hoton Goya, kuma ya fi shi ƙanƙanta. Filawud ya fi kanbas sauƙi ga mai farawa don ba ya saki. Ka goge shi da samfefa, ka shafa farin jeso (shafen da ake fara yi wa allo kafin fenti) sau uku, ta farko a sirka da ɗan ruwa, kowace shafa ta gitta ta baya, ana gogewa kaɗan a tsakani. Bayan allon ma a shafa masa ko sau ɗaya ne, in ba haka ba zai lanƙwashe. A bar shi kwana biyu zuwa uku. Wanda ya zaɓi yadi mai kauri daga Kwari, dole ya toshe shi da jeso sosai, domin mai yana cin zaren auduga idan ya taɓa shi kai tsaye.

Kada ka yi zane a kan fari fat, don kowane launi zai yi maka kamar ya fi yadda yake duhu. Ka narka Burnt Umber da tafentin ya yi ruwa-ruwa kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ka shafe allon duka, ka goge da tsumma. Washegari ya bushe.

Ka buga hoton sau biyu a takarda, ɗaya mai launi, ɗaya baƙi da fari. Fuskar waya tana fitar da haske daga ciki, fenti kuwa ba ya yi, saboda haka wanda ya dogara da waya kaɗai zai yi ta bin hasken da ba zai taɓa kamowa ba. Ka raba takardar gida takwas a tsaye, takwas a kwance, kamar gidan dara, ka raba allon haka nan, sannan ka kwashe manyan layuka da gawayi: kewayen kai, layin da ya ratsa idanu, gindin hanci, tsagar baki, kafaɗu. A ƙa'ida idanu suna tsakiyar kai ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu faɗin ido guda ce. Mai koyo kusan kullum yana ɗaga su sama ya rage goshi. Amma kamanni yana ɓoye ne a inda mutum ya saɓa wa ƙa'ida, kamar dogon hancin Wellington, don haka ka auna, kada ka zana abin da ka haddace.

Daga nan sai aikin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙi: gina hoton duka da launi ɗaya. Ka haɗa matakai biyar daga Burnt Umber da fari, daga mafi duhu zuwa mafi haske. Ka kanne ido har ƙananan abubuwa su ɓace, ka raba fuskar biyu kawai, gefen haske da gefen inuwa, sannan ka shigo da na tsakiya. Idan hoton bai yi kama da mutumin ba a wannan matakin, launi ba zai gyara shi ba. Ka duba shi a madubi, ka kifa shi kai a ƙasa tare da na asalin, karkataccen ido zai tona kansa nan take.

Ƙa'idar mai a sama, tsarma a ƙasa

Ana ɗora fenti hawa-hawa ne, kuma kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa mai. Harsashi da tafentin zalla. Hawa na biyu, kashi ɗaya na man linsid cikin kashi biyu na tafentin. Na uku, rabi da rabi. Na ƙarshe, fenti yadda ya fito daga tub da ɗigon mai. Dalili shi ne hawan da man ya yi yawa a cikinsa yana jinkirin daskarewa kuma yana motsi yayin da yake yi. Idan ka ɗora hawa mai saurin bushewa a kansa, na ƙasan zai ja na saman ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Launuka ma ba gudunsu ɗaya ba. Burnt Umber yana kamewa cikin kwana ɗaya ko biyu, Cadmium Red da Alizarin da Ivory Black kuwa suna iya cin mako.

Fuska, riga, sannan lambobi

Fuska ba launi ɗaya ba ce. A fatar Bature, goshi ya fi karkata ga rawaya, kumatu da hanci da kunne ga ja, haɓa da muƙamuƙi ga ruwan toka saboda gindin gashi. Tushen haɗin fari ne da Yellow Ochre da ɗan Cadmium Red, a kashe zafinsa da ƙyas na baƙi ko shuɗi. Inuwa a bar ta da sirara, haske a ɗora shi da kauri. Farin ido ba fari ba ne, ruwan toka ne mai ɗumi, domin yana ƙarƙashin inuwar gira; wanda ya sa masa fari zalla sai mutumin ya fito kamar a firgice. Kada a kewaye leɓe da hanci da layi. Gefen muƙamuƙin da ke cikin inuwa a bar shi ya narke da bango, shi ke sa kai ya zama zagayayye maimakon abin da aka yanko aka manna.

Fatarmu tana da nata darasin, kuma akwai tsohon aikin da za a koya daga gare shi: hoton Jean-Baptiste Belley, haifaffen Senegal, tsohon kyaftin ɗin soja da ya wakilci ƙasar da ta zama Haiti a majalisar Faransa, wanda mai zane Girodet ɗan Faransa ya zana a 1797. A baƙar fata, idan ka haskaka da fari kaɗai sai ta yi furu-furu kamar ta wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba. Ana hawa ne daga Burnt Umber zuwa ja da rawaya, fari sai a ƙarshe, a kan ƙyallin goshi da karan hanci, shi ma da ɗan shuɗi a ciki don hasken sama yake maidowa. Inuwa kuma da Ultramarine da Alizarin ake zurfafa ta, ba da baƙi ba.

Jar riga tana da tarko biyu. Ka sa mata fari ta koma ruwan hoda, ka sa mata baƙi ta koma laka. Jan da ya fito daga tub shi ne hasken, inuwar kuma Alizarin da Burnt Umber. Zinariya ba a yin ta da fentin zinariya. Ana shimfiɗa duhun ruwan ƙasa, a ɗora Yellow Ochre a tsakiya, sannan a ajiye ɗigo biyu ko uku na rawaya mai fari da bakin buroshi, a ɗauke hannu. Ka koma ka lailaya su, ƙyallin ya mutu. Lambobin su ne abin da ya jawo ɗalibi ga hoton tun farko, shi ya sa yake zumuɗin fara su, ya ƙare da ƙirji mai kyau a ƙarƙashin fuskar da ba ta kowa ba. Su ne na ƙarshe, kuma bai kamata su ci fiye da zama ɗaya ba.

Abin da yanayin Kano ke yi wa hoton

Ana yawan cewa tagar arewa ce ta mai zane, don rana ba ta shigowa ta nan. A Turai haka ne. Kano kuwa tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu. A waɗannan watanni tagar kudu ta fi, ko a sa farin labule. Ƙwan lantarki mai rawaya yana ɓata hukuncin ido. Abin da ka haɗa da dare sai ka wayi gari ka ga wani launi daban. Ƙwai fari mai lamba 5000K ya fi kusa da hasken rana.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Ɗanyen fenti yana kama ta, kuma ba ta fita. Ana jingina hoton fuskarsa na kallon bango, samansa kaɗai ya taɓa, ko a kifa masa kwali ba tare da ya taɓa shi ba. Kada a kulle shi cikin duhu na makonni, man linsid yana yin rawaya a duhu, ko da yake haske yana dawo da shi. Da bazara fenti yana yin fata a kan gilashi cikin yini, don haka a matso kaɗan-kaɗan. Kuma kada a shanya hoton a rana don ya yi sauri, sama za ta kame ta yamutse ciki na ɗanye. Da damina bushewa tana jinkiri, bayan kanbas yana iya yin fumfuna idan ya manne da bango mai danshi.

Idan wani wuri, musamman duhun bango, ya dushe ya rasa sheƙi, hawan ƙasa ne ya shanye man. A shafa ɗan man linsid da tsumma a goge har ya kusa ƙarewa kafin a ci gaba. Tsumman da ya sha man nan kuma kada a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. A baza shi ya bushe, ko a jiƙa shi cikin gwangwanin ruwa. Tafentin ma a buɗe taga idan ana aiki da shi, kuma a nisanta shi da yara.

Masu cewa me ya haɗa mu da sojan Turawa, da masu tambayar halacci

Ƙorafin farko yana da tushe. A watan Fabrairun 1903 rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano da yaƙi, kuma ba laifi ba ne Bakano ya ji wani iri idan ya ga jar rigar Ingila a bangon ɗansa. Abin dubawa shi ne inda ɗalibin ya dosa. Idan ya tsaya nan yana ta maimaita janar-janar ɗin Turai, ya yi asarar darasin. Amma jan da ya koya a rigar Wellington shi ne zai zana jar dara da jar ɗamarar kakanninmu da suka yi aikin soja har ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu, waɗanda hotunansu baƙi da fari ne kawai suka rage a gidaje. Ƙyallin ƙarfen da ya koya shi ne na sulke da kwalkwali, waɗanda tarihin Kano ya danganta shigowarsu, tare da lifidi, ga Sarki Kanajeji, kuma har yau ana ganin su a hawan Sallah. Ga Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano da aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976, wanda yawancinmu a jikin naira ashirin muka san fuskarsa. Masu zanen da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958 ma wannan hanyar suka bi: su karɓi dabarar waje, su zuba mata abin gida.

Batun halacci kuwa ba mai zane ne zai yanke shi ba. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura suna cikin Bukhari da Muslim. Malaman Malikiyya sun bambanta gunki mai jiki da inuwa, wanda suka haramta, da zane a kan shimfiɗa, wanda suka sassauta a kansa zuwa karhanci. Wasu malaman da dama sun hana zana mai rai da hannu kowane iri ne. Mai koyo ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa, kuma kada a yi wa wanda ya ƙaurace dariya. Wanda ya zaɓi barin fuska bai rasa sana'ar ba: ya jera kwalkwali da takobi da alkyabba da sirdi a gefen taga, duk darasin haske da inuwa da ƙarfe da yadi yana nan.

Ga mai son a zana masa mahaifinsa

Iyalai da yawa yanzu suna kai tsohon hoton mahaifi cikin kayan sarki a mayar musu da shi babban zane, kuma a nan ake cutar wanda bai sani ba. Akwai masu buga hoto da inji a kan kanbas su ɗan shafa fenti a sama su kira shi aikin hannu. Ka riƙe shi a karkace ga haske: a aikin gaske sawun buroshi yana bin siffar kumatu da ninkin riga, haske ya fi inuwa tudu. Ka ja shi kusa da kyamarar waya, bugun inji zai nuna ƙananan ɗigo a jere. Wanda ya ce zai ba ka hoton mai hawa uku a kwana uku, ko dai ba fentin mai ba ne ko kuma ɗanye zai miƙo maka. Mako uku zuwa shida ne abin da hankali zai ɗauka.

Ka kai masa bayanin da hoton bai nuna ba: launin hula, yawan anini a kafaɗa, launin ƙyallen kowace lamba, domin tsohon soja yana gane kuskuren anini guda daga bakin ƙofa. Idan ka karɓa, kada a shafa masa banish (shafen ƙarshe mai sheƙi da ke kare fenti) sai ya yi wata shida zuwa shekara, kada gilashin firam ya taɓa fentin, kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kuma a rataye shi nesa da hayaƙin murhu da na janareta. Idan kuwa kwafin tsohon aiki ka saya, juya bayansa ka duba. Ya kamata ka ga an rubuta, alal misali, "kwaikwayon aikin Goya na 1812", sannan sunan ɗalibin da shekarar da ya gama.